Hoton Bakin Teku da Na Bayar

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, wata ranar Laraba, mu uku ne a ɗakin: ni, da maigidana Malam a kwance a gado, da 'yarmu ta fari tsaye a bakin ƙofa riƙe da kofin kunu. Kwana tara ke nan da sallamo shi daga asibiti, kuma kwana tara ke nan bai ci abin kirki ba. Shanyewar ɓarin jiki ta kashe masa hannun dama da ƙafar dama, ta tafi da maganarsa. Na shimfiɗa darduma zan yi la'asar, sai ya miƙo hannun hagu ya kama gefen mayafina.

Na ce, "Malam, salla zan yi."

Bai saki ba. Ya yi ta ja har mayafin ya zame daga kafaɗata. Ya ɗaga shi sama, yana miƙa shi wajen bangon da ke fuskantar gadon kamar mai son rataya shi. Babu komai a bangon, ko ƙusa.

'Yarmu ta ce, "Umma, me Baba yake so?"

Na san abin da yake so. Na zauna a kan dardumar.

Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, kuma ba na son labari a hargitse. Zan faɗe shi daga farko, kowane abu a wurinsa.

Shekara talatin da ɗaya da suka wuce Malam ya kawo ni Manchester. Ya zo karatun injiniya, ya gama, ya samu aiki, muka zauna a unguwar Levenshulme. A sanyinmu na farko, wata Asabar, ya shigo gida da wani faffaɗan abu a naɗe cikin jarida. A shagon tsofaffin kaya ya gan shi. Ya kware jaridar, ya jingina abin da kujera, ya tsaya yana murmushi kamar wanda ya zo da rago.

Na ce, "Mene ne wannan?"

"Teku ne. Wani Bafaranshe ya zana, wannan kwafinsa ne a takarda."

"To bai gama ba. Fenti ne kawai aka ɗiɗɗiga."

"Ya gama sarai. Kin matso da yawa ne. Matsa baya."

Ban matsa ba. Na sa yatsa a kan gilashin na ce, "Waɗannan mutane ne. Ga mata nan da laima. Ba za a rataya mini hoton mai rai a inda nake salla ba."

Ya ce, "Hedimasta, nuna mini fuska ɗaya. Ido ɗaya kawai ki nuna mini, in kai shi bola da kaina."

Haka yake kirana in yana son tsokana, Hedimasta. Na duba, gaskiyarsa ce, babu fuska. Inda kai ya kamata ya kasance ɗigon fenti ne, inda hannu yake kuma jan layi ɗaya. Amma ni a Islamiyya an koya mini cewa mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da hoton mai rai, kuma abin da aka koya mini ba na yi masa kwaskwarima. Muka yi kwana uku a kan maganar. A na huɗu muka yi yarjejeniya. Za a rataya shi a falo, yana fuskantar kujerar Malam. Duk lokacin salla zan rufe shi da mayafi, in an idar in buɗe. Da azumi na nemi a rufe shi wata guda cur, shi kuma ya yi ta ciniki har muka tsaya a kan daga asuba zuwa shan ruwa. Duk baƙon da ya shigo ya ga mayafi a bango, sai Malam ya ce, "Ku yi haƙuri, tekun ma azumi yake."

Malam ɗan masunta ne, a bakin gulbi ya tashi. Ya taɓa ce mini hasken da ke kan ruwan hoton nan shi ne hasken da ke kan gulbinsu bayan la'asar, lokacin da kwalekwalen mahaifinsa ke dawowa. Na ce, "Faransa ina, garinku ina?" Ya ce, "Ai rana ɗaya ce." Ban sake tambaya ba, ina da wanki a ranar.

Ga abin da ya kamata in lura da shi. Kullum in ya dawo daga aiki, a kan ƙaramin tebur gaban kujerarsa nake ajiye masa tire. Ba ya kallon talabijin in yana cin abinci, ba ya hira. Loma ɗaya, ya ɗaga kai ya dubi hoton, ya sake loma. Na sha ce masa tuwo zai huce. Shekara talatin da ɗaya, ni nake ajiye tiren da hannuna.

Ciwon ya same shi da safe, yana ɗaura agogo. Ya yi mako shida a asibiti. 'Yarmu likita ce a Birmingham, a babban asibitin da ke Edgbaston, gidanta kuma yana unguwar Small Heath, da ɗaki a ƙasa. Gidanmu na Levenshulme matakala ce tun daga ƙofa, mutumin da ba ya tafiya ba zai zauna a ciki ba. Aka yanke shawara mu koma Birmingham. Ni na kwashe gidan cikin kwana shida. Na raba kaya kashi uku: na tafiya, na bayarwa, na zubarwa. Ban bar wa kowa ya taɓa mini tsari ba.

Hoton na bari a ƙarshe. Na sauke shi daga ƙusa, na tsaya riƙe da shi a tsakiyar falon da babu kujera ko ɗaya. Na yi tunanin ɗakin da za a kwantar da Malam. Mara lafiya ne, a kwance zai yi salla, ba dare ba rana, ba zan iya bin hoton da mayafi a kowane lokaci ba. In kuma ajali ya zo a ɗakin nan, ina son mala'ikun rahama su tarar da ƙofa a buɗe. Wannan shi ne dalilina na farko, kuma gaskiya ne. Akwai na biyu, shi ma zan faɗa tunda na ce zan faɗi komai. A can ƙasan zuciyata na ji daɗi cewa bayan shekarun nan duka magana ta dawo kan tawa, kuma babu bakin da zai ce mini Hedimasta.

Na rungume shi na bi Stockport Road da ƙafa, na shiga wani shagon da ake kai kayan sadaka su sayar, na ajiye a kan kanta, na fito. Ban waiwaya ba.

To, mun dawo ranar Laraba. Ina zaune a kan darduma, Malam yana riƙe da mayafina, 'yarmu ta dubi bangon, ta dube ni.

Ta ce, "Umma, hoton falo. Yana cikin wane kwali?"

"Ba ya cikin kwali."

"Yana ina?"

"Na bayar."

Ta ajiye kofin a hankali. Ta juya harshe zuwa Turanci, kamar yadda take yi in ranta ya ɓaci, ta faɗi maganganu da yawa da sauri. Na matsa kusa da gadon na ce, "Malam, ni na bayar da shi. Ba ɓata ya yi ba, ba kuma laifin masu kwasar kaya ba ne." Ya dube ni da idon nan nasa da ciwo bai taɓa ba. Sannan ya saki mayafin, ya juya fuskarsa wajen taga.

Washegari ƙarfe bakwai da rabi ina tashar jirgin ƙasa. Ban taɓa yin tafiya tsakanin gari da gari ni kaɗai a ƙasar nan ba. Na isa Manchester, na hau bas zuwa Levenshulme, ina tsaye a ƙofar shagon kafin su buɗe. Wata tsohuwar Baturiya ce ke kula da shagon. Ta tuna da ni, ta tuna da hoton. Ta ce bai kwana uku ba aka saye shi. Wata mata ce ta saya, irin masu sayen tsohon firam, wato katakon da ke kewaye hoto, su sake masa fenti su sa madubi a ciki.

Na ce, "Takardar ciki fa?"

Ta ɗaga kafaɗa, ta ce ba ta sani ba, wasu suna ajiyewa, wasu ba sa ajiyewa. Ba sa rubuta sunan masu saye. Ta ce in zauna ta haɗa mini shayi. Ban zauna ba.

Na bi titin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, duk shagon da ke sayar da tsofaffin kaya na shiga. Na ɗaga firam bayan firam: karnuka, furanni, coci a cikin dusar ƙanƙara. Da azahar na samu kaina a ƙofar tsohon gidanmu. Na riga na mayar da mabuɗi, sababbin mutane ba su shigo ba tukuna, babu labule. Na leƙa ta taga. Ga ƙusar nan a bango, ga shatin hoton, wurin ya fi sauran bangon haske. Na daɗe a tsaye har wata maƙwabciya ta fito ta tambaye ni jikin Malam.

Da na dawo, 'yarmu ta huce. Ta ce, "Umma, ba matsala, kwafi ne. Za mu nemo shi a waya mu buga wani. Ki faɗa mini yadda yake."

A nan ne na gane girman abin da na yi. Na san faɗinsa, mayafina ninki biyu yana rufe shi daidai. Na san nauyinsa. Na san inda ƙura ke taruwa a saman firam ɗin. Amma mata nawa ne a bakin ruwan, uku ko huɗu? Laimar fara ce ko ruwan ƙwai? Jiragen nan masu farin ƙyalle, a dama suke ko a hagu? Sau biyar a rana nake tsayawa a gabansa, amma idona a kan kusurwar firam yake, inda zan maƙala mayafi. 'Yarmu ta ce ita tana tuna wata jar tuta a kan sanda. Na ce babu tuta. Ta ce akwai. Ta tashi a gaban hoton, ni na tsufa a gabansa, mun kasa yarda a kan tuta ɗaya.

Ta rubuta abin da muka iya tunawa a waya, hotuna suka fito ba iyaka. Duk teku, duk yashi, duk mata da dogayen riguna da laima, duk babu fuska. Muka zaɓi goma sha biyu, ta bugo su a manyan takardu. Na jera su, na sa wa kowanne lamba a baya da fensir. Bayan la'asar na tayar da Malam zaune, na sa masa matashi, na ajiye tiren kunun gyaɗa a gabansa, na riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a jikin bango. Na farko, ya kawar da kai. Na biyu, haka. Na uku bai ko gama duba shi ba. Da na ɗaga na bakwai sai ya tsaya. Ya yi mini alama in matso da shi. Ya ɗora yatsa a kan sararin sama na hoton, inda gajimare ya yi ja-ja, ya daɗe. Sai ya girgiza kai, ya ture takardar, ya ture tiren.

'Yarmu ta ce mini a kicin, "Ko da shi ne, Umma, ba zai gane shi ba. Namu ya koɗe. Ranar da ke shigowa ta tagar falo ta cinye ja da ruwan ƙwai, shuɗi kawai ta bari. Wanda Baba ya sani babu shi a waya."

Na ɗauki na bakwai na jingina shi a taga, fuskarsa a waje, don rana ta ci shi. Yana nan har yau. Sanyi ya shigo, Birmingham sai ta yi kwana huɗu ba a ga rana ba, ni kuma ina jiran ta yi mini aikin shekara talatin. Na san wauta ce. Kowace safiya ina juyo shi in duba.

Wata abokiyar aikin 'yarmu ta ce in je gidan ajiye zane-zane, ko masu aikin wurin za su gane shi daga bayanina. Na je ranar Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya. Wani dattijo mai gadin ɗakin ya saurare ni da haƙuri, da guntun Turancina. Ya kai ni gaban wani zane, na ainihi, ba kwafi ba. Na matsa har hancina ya kusa taɓa shi. Fenti ne a ɗiɗɗige, shuɗi, fari, toka-toka, har da kore, ana ganin sawun burushi kamar an yi sauri. Mutumin ya ce da gangan ne saurin. Masu irin wannan zanen fita suke yi bakin teku da kayansu, su zana a tsaye cikin iska kafin hasken ya canja, shi ya sa ba su tsaya yin ido da hanci ba. Sannan ya ce, cikin ladabi, in ɗan ja da baya.

Na ja baya taku shida. Ɗigon nan suka haɗe. Ruwa ne, yana motsi, rana ta faɗo a kansa ta farfashe. Iska tana jan rigar wata mata, ta dafe hularta. Na ga lokacin ma, hantsi ne, babu shakka. Abin da Malam ya ce in yi ke nan ranar da ya kware jarida, taku shida kawai. Ban yi kuka ba. Na nemi benci na zauna.

Na tambayi dattijon ko zai iya gane namu. Ya tambaye ni sunan mai zanen, ban sani ba. Sunan garin da ke bakin tekun, ban sani ba. Ya ce masu zanen suna da yawa, kuma sukan je bakin ruwa ɗaya, wani ma yakan zana wuri guda sau da yawa, da safe, da rana, da yamma. Na ce namu bayan la'asar ne. Wannan kaɗai na riƙe, shi ma ba da idona na gani ba, Malam ne ya faɗa mini.

Na je wajen limamin masallacinmu na ba shi labari duka, har da dalili na biyu. Ya ce malamai sun yi saɓani a kan hoton da ba shi da kamannin fuska, kuma da na tambaya kafin in fitar da shi, da ya ce in bar wa mara lafiya abinsa in ci gaba da mayafina. Ya ce in yi istigfari in ci gaba da nema. Ina yin duka biyun.

Yau mako bakwai da ranar Larabar nan. Jiya Malam ya sha cokali huɗu na kunu, shekaranjiya uku. Agogonsa da nake ɗaura masa kowace safiya yana zamewa har gwiwar hannu. Likitan unguwa ya zo, wata nas ma tana zuwa. Sun yi maganar sa masa robar abinci ta hanci. Hankalinsa garau yake, suka tambaye shi, ya girgiza kai da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba. Sun ce ba za su tilasta masa ba.

'Yarmu ta zaunar da ni ta ce, "Umma, ki daina kashe kanki. Masu irin ciwon nan da yawa suna daina cin abinci, baƙin ciki ne. Ko an kawo hoton ba lallai ya ci ba."

Na ce, "Na ji. Hannunsa ba ni na ɗauke ba, maganarsa ba ni na ɗauke ba, ba zan iya mayar masa da su ba. Wannan ni na ɗauke."

Na koma Manchester sau huɗu. Tsohuwar mai shagon ta manna takarda a gilashin ƙofarta, matar ba ta dawo ba. Na buga ƙusa a bangon da ke fuskantar gadon, daidai tsayin da idonsa ke sauka. Duk lokacin salla, in na ɗauki mayafi, yakan bi shi da kallo, sannan ya dubi ƙusar.

Mai karatu, ga abin da ya sa na rubuta wannan. Ba zan iya kwatanta maka gaban hoton yadda za ka gane shi ba, na riga na faɗi dalili. Teku ne da ya koɗe ya koma shuɗi, da mata da laima, da jirage. Amma bayansa na san shi sarai. Firam ɗin katako ne mai ruwan ƙasa. A ƙasansa ta hagu akwai baƙin tabo kamar girman babban yatsa, inda kaskon turaren wuta ya taɓa lasarsa. Takardar da aka manne a baya ta yage a kusurwar sama ta dama, na liƙe ta da farin salatif. Igiyar ratayewa ba waya ba ce, koren zare ne na saƙa da na tufka riɓi uku na ƙulla da kaina. Ita kanta takardar hoton tana da shatin ruwa a gefen ƙasa, tun shekarar da rufinmu ya yi yoyo.

In kana Manchester ko kewayenta, ka duba shagunan tsofaffin kaya da kasuwannin Lahadi, ka juya duk firam ɗin da ka gani ka dubi bayansa. In ka san mace mai sa madubi a tsohon firam, ka tambaye ta abin da take yi da takardun ciki. In kuma ke ce kika saya, ki riƙe firam ɗin, halal ne a gare ki, takardar kaɗai nake roƙo, ko a nannaɗe take, ko ta yage. A kawo ta Small Heath, masallacin da Hausawa ke sallar Juma'a, a ba matan da ke sahun baya a ce ta mai neman hoton teku ce, sun san ni. Don Allah a duba a makon nan, kada a bari sai wani wata.